Shin Ko Kun San? Lungu da Saƙon Biranen Holan

Sunan Holan ba baƙo ba ne a gidajenmu. Yana cikin akwatin lefe, a bakin atamfar da mata kan juya su duba ko 'yar Holan ce ta gaske, wato ta kamfanin Vlisco da aka kafa a garin Helmond a 1846. Yana kan teburin mai shayi, domin madarar Peak daga can ta samo asali. Masu kallon ƙwallo kuma ba su manta da gudun Tijjani Babangida a gefen fili ba, zamanin da yake Ajax. Sai dai wanda Allah ya kai shi ƙasar na kwana uku ko huɗu, galibi layin manyan gidajen tarihi yake bi, ya ɗauki hoto a gaban furanni, ya kamo hanyar gida. Ni kuwa abubuwan da suka fi kama mini hankali a biranen nan suna lungu, kuma yawancinsu ruwa ne ya haife su. Bismillah.

Shin ko kun san duk faɗin Holan, murabba'in kilomita kusan 41,500, bai kai na jihar Kaduna ba? Don haka wanda ya sauka a Amstadam ba dole ne ya maƙale a nan ba. Jirgin ƙasa zai kai shi Utrecht cikin ƙasa da rabin awa, Leiden cikin minti 35, Rotadam cikin minti 40 a jirgi mai sauri. Ka karya kumallo a wannan birni, ka yi Azahar a wancan, ka kwana a masaukinka.

Ko kun san idan jirginku ya sauka a filin Schiphol, a gindin tafki kuka sauka? Da can wurin makeken tafki ne mai suna Haarlemmermeer, sai a 1852 aka gama zuƙe ruwansa da injinan tururi. Tayar jirgi tana taɓa ƙasa ne kimanin mita 3 ƙasa da fuskar teku. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar haka yake: ruwa a sama, mutane a ƙasa, ganuwa a tsakani.

Mai son ya ga wannan da idonsa, ya shiga ginin hukumar birnin Amstadam da ake kira Stopera. Akwai dogayen bututun gilashi uku a tsaye. Biyu suna nuna inda ruwan teku yake a daidai wannan lokaci a garuruwan IJmuiden da Vlissingen. Na ukun yana nuna inda ruwa ya kai a ambaliyar 1953, kimanin mita 4 da rabi, ambaliyar da ta ci rayuka 1,836. Sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshen ruwan. A ƙasa kuma ga wata ƙusa ta tagulla, ita ce sifirin ma'aunin da ake auna tudu da kwarin ƙasar da shi, wanda wasu ƙasashen Turai ma suka ara. Babu layi, babu turereniya, amma a ganina wanda bai tsaya gaban bututun nan ba bai fahimci ƙasar da ya zo ba.

Shin ko kun san fadar sarki da ke dandalin Dam a kan turakun itace 13,659 take zaune? Ƙasar Amstadam taɓo ce, sai an kafa dogayen itatuwa sun ratsa laka sun taɓo yashi mai ƙarfi kafin a ɗora tubali. Yaran makaranta suna da dabarar haddace adadin: kwanakin shekara, 365, a sa 1 a farko, 9 a ƙarshe. Ginin yana tsaye tun 1655. Ruwan da ake tsoro kuma shi ke tsare itatuwan. Muddin suna nutse ba sa ruɓewa. Ranar da ruwan ƙasa ya ja baya iska ta same su, ranar suke fara lalacewa.

In kuka ga gidajen bakin ruwa sun ɗan rusuna kamar masu gaisuwa, ba duka ne tsufa ya tanƙwara ba, da yawa da gangan aka gina su haka. Ku ɗaga kai can ƙololuwar gida, za ku ga katako ya miƙo waje da ƙugiya a bakinsa. Gidajen sirara ne, matakalarsu a tsaye take kamar tsani, ba yadda za a yi gado ko kabad ya bi ta ciki. Ranar tashi ko tarewa sai a wangale taga, a rataya igiya a ƙugiyar, mutum biyu ko uku su tsaya a titi suna ja. Kujera na hawa a hankali tana juyi a iska, wani yana leƙe daga hawa na uku, hannuwa a miƙe, yana jiran ya cafke ta. Rusunawar gidan ita ke hana kayan gugar bango ko fasa gilashi. A da buhunan kayan ƙamshi ake jawowa haka zuwa rumbun sama, yau firiji ne da katifa. A titin Oude Hoogstraat, lamba 22, akwai gidan da faɗinsa mita 2 ne da santimita 2 kacal.

Shin ko kun san akwai masunta a Amstadam da kekuna suke kamawa? Kowace shekara ma'aikatan hukumar ruwa suna tsamo kekuna 12,000 zuwa 15,000 daga hanyoyin ruwan birnin. Jirgi ne mai ƙaton hannun ƙarfe, yana lalube a ƙasa, ya damƙo, ya ɗago keke baƙi ƙirin da laka, ya jefa kan tulin 'yan'uwansa. Baƙo ma yana da nasa irin kamun: ƙungiyar Plastic Whale, da aka kafa a 2011, tana ba mutum koma mai doguwar sanda ya zaga birni a kwale-kwale yana tsamo robobi, kwale-kwalen kuma da irin robobin da aka tsamo aka ƙera shi. Ka ga gari, ka kuma rage masa datti. Duk wanda ya san yadda leda ke toshe mana kwatoci da damina zai so wannan dabara.

A 2023 aka buɗe wurin ajiye kekuna 7,000 a ƙarƙashin ruwan da ke gaban babbar tashar jirgin ƙasa, jiragen ruwa na wucewa ta samansa. Na Utrecht ya ma fi shi, yana ɗaukar 12,500. Gargaɗi ɗaya: jan layin nan na gefen titi na masu keke ne. In kun ji ƙararrawa a bayanku, ku matsa kafin ku waiwaya.

Kyanwa da ruwa ba sa ga maciji, kowa ya sani. To, ko kun san a Amstadam akwai gidan marayun kyanwoyi a kan ruwa? Sunansa Poezenboot, wato jirgin maguna, yana ɗaure a hanyar ruwa ta Singel. Wata mata, Henriette van Weelde, ita ta tsinci uwar kyanwa da 'ya'yanta a gindin bishiya a 1966, ta kai su gida. Yau ɗaya, gobe biyu, har gida ya cika, sai a 1968 ta sayi tsohon jirgin ruwa ta mayar da su ciki. Har yau 'yan sa-kai ne ke kula da su, a yi musu magani, a nema musu gidan da za a riƙe su, kuma da gudummawar jama'a ake ciyar da su. Awoyi kaɗan ake buɗe wa baƙi, don haka a bincika kafin a je. Mu da muka tashi da labarin Abu Huraira da 'yar kyanwarsa, wannan jirgi zai kwanta mana a rai. Akwai kuma KattenKabinet a bakin ruwan Herengracht, gidan zane da wani attajiri, Bob Meijer, ya buɗe a 1990 don tunawa da muzurunsa. Komai na ciki na kyanwa ne, har da aikin Picasso da Rembrandt, ga kuma masu rai suna barci a kan kujeru.

Shin ko kun san akwai cocin da ba za ku taɓa gane shi daga waje ba? Bayan 1578, da 'yan Furotesta suka karɓi ragamar Amstadam, an hana 'yan Katolika ibada a fili. A 1661 wani ɗan kasuwa, Jan Hartman, ya sayi gida a bakin ruwa haɗe da wasu biyu a bayansa, ya fasa benayen sama ya haɗe su, ya gina majami'a a ƙarƙashin rufi. Sunan wurin Ons' Lieve Heer op Solder. Shiga za ka yi kamar ka shiga gidan mutane: ga madafa da tangaran a bango, ga gado a cikin bango kamar kabad, ga matakala mai ƙunci wadda sawun mutane ya cinye tsakiyarta. Kana hawa kana kare kanka daga katako, kwatsam sai ka tsinci kanka a zaure mai hawa uku, mai ɗaukar mutum kusan 150. Saboda ƙarancin wuri, mumbarin ma a cikin ginshiƙi ake naɗe shi, sai za a yi wa'azi a jawo shi waje. Hukuma ta san da wurin, domin mutane masu yawa haka ba sa shiga lungu ɗaya duk Lahadi ba a gan su ba. Kau da kai ta yi, muddin ba a yi a bainar jama'a ba. Mutanen ƙasar suna da kalma ta musamman ga wannan kau da kai, gedogen, kuma har yau tana aiki a harkokinsu da dama.

Tafiyar minti 20 a ƙafa daga nan, a titin Rozengracht, akwai tsohon coci mai hasumiya biyu wanda tun 1981 ya zama masallacin Fatih na Turkawa. Mai neman jam'i a tsakiyar birni ya samu. A yammacin birnin kuma akwai Westermoskee, da aka buɗe a 2016, wanda aka gina da jan bulo irin na unguwar, hasumiyarsa mai mita 42 tana haskawa a cikin ruwan da ke gabansa.

Shin ko kun san manjan da Indunusiya ke sayar wa duniya ya bi ta wani lambu a Amstadam? Lambun Hortus Botanicus an kafa shi a 1638 don noman tsirran magani. Kwakwar manja 'yar Afirka ta Yamma ce, amma a 1848 aka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java, kuma biyu daga cikinsu daga Amstadam aka kai su. Daga waɗannan huɗu aka samo irin da ya cika gonakin Indunusiya da Malesiya. A farkon shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a manja a duniya. Yau Indunusiya ce, da tazara mai nisa. Wannan labari yana yi mini ciwo, domin itacen namu ne, kulawar ce ta wasu. Gahawa ma haka: a 1706 aka kawo dashe ɗaya daga Java zuwa wannan lambu, a 1714 aka ba Sarki Louis na 14 na Faransa ɗiyar dashen kyauta, zuriyarsu ta tsallaka zuwa tsibiran Karibiyan da Kudancin Amurka.

Kuma bai kamata mai yawo a bakin ruwan nan ya manta da inda wani ɓangare na dukiyar birnin ya fito ba. Holan ta riƙe sansanin Elmina, a Ghana ta yau, daga 1637 zuwa 1872, kuma jiragenta sun yi jigilar bayi zuwa Suriname da Karibiyan. A lambun Oosterpark akwai mutum-mutumin tunawa da su, da aka kafa a 2002. Duk ranar 1 ga Yuli ana taruwa a wurin don bikin Keti Koti, wato an tsinke sarƙa, tunawa da haramta bauta a 1863. A nan ne Sarki Willem-Alexander ya nemi afuwa a 2023.

Ko kun san akwai gidan kallon halittun da ido ba ya gani? Micropia ke nan, kusa da gidan namun daji na Artis, an buɗe shi a 2014. Maimakon zaki da giwa, sai jerin madubin ƙara girma, ka leƙa ka ga abubuwa suna iyo a ɗigon ruwa. Ya dace a ce a Holan yake, don wanda ya fara ganin waɗannan halittu, Antonie van Leeuwenhoek, mai shagon yadi ne a garin Delft, yana goge gilasansa da hannunsa. A 1683 ya kankaro dattin haƙorinsa ya duba, ya ga rayuka suna kai da komo. Mai fitowa daga nan zai ƙara riƙe asuwakinsa.

Bayan babbar tasha akwai jiragen fito da ke tsallaka ruwan IJ zuwa arewacin birni, kuma kyauta ne, da kai da kekenka. Ɗaya yana kai ka NDSM, tsohuwar masana'antar ƙera jiragen ruwa da ta durƙushe a 1984, wadda masu zane suka mamaye, har injin ɗaga kayanta aka mayar otal mai ɗaki uku a sararin sama. Mai ƙarfin zuciya kuma ya hau benen A'DAM, inda aka kafa lilo a bakin rufi, mita 100 daga ƙasa, ƙafafunsa na reto a kan birni.

Batun ciki: a shagunan FEBO bango ne ke sayar da abinci. Ƙananan tagogin gilashi ne jere, ka biya, ka buɗe, ka ɗauki soyayyen abu da zafinsa. Ba kowane naman ciki ne halal ba, mai cuku ko kayan lambu ya fi kwanciyar hankali. A kasuwar Albert Cuyp, wadda ke ci tun 1905, da yamma za ku ga zalɓe sun sauko sun tsaya kusa da masu kifi suna jiran rabonsu, ba sa ko gezau da mutane. A kuma lura: shagon da aka rubuta wa coffeeshop tabar wiwi yake sayarwa. Mai neman shayi ya wuce gaba.

Yanzu mu hau jirgi zuwa Utrecht, inda abin da na fi so yake. Shin ko kun san kifi yana da ƙararrawar ƙofa? Duk bazara kifaye suna haurowa ta tsakiyar birnin suna neman ruwa marar zurfi inda za su zuba ƙwai. A kan hanyarsu akwai wata tsohuwar ƙofar ruwa, Weerdsluis, wadda a wannan lokaci ba a cika buɗewa ba saboda jiragen ruwa ba su fara zirga-zirga ba. Sai kifaye su taru a bakinta, tsuntsaye masu cin kifi su samu banza. A 2021 aka sa kyamara a ƙarƙashin ruwan, aka haɗa ta da intanet, aka ce duk wanda ya ga kifi ya danna ƙararrawa. Hoton koren duhu ne, ba komai sai ɓurɓushi na yawo. Ka yi ta kallo, can sai wani ido ya bayyana, baki na buɗewa yana rufewa. Ka danna, hoton ya tafi. In kifaye sun taru, mai gadin ƙofa ya zo ya murɗa ƙarfe da hannu ya buɗe musu. Miliyoyin mutane daga ƙasashe daban-daban sun shiga wannan gadi, kuma daga watan Maris mai waya a Kano ko Damagaram ma yana iya dannawa. Gari guda ya tsaya ya yi tunanin yadda kifi zai wuce lafiya. Wannan kaɗai ya isa ya sa na ƙaunaci Utrecht.

A bakin hanyar ruwa ta Oudegracht kuma ku dubi ƙasa. Akwai waƙar da ake rubutawa a duwatsun daɓen titi, harafi ɗaya a dutse ɗaya. Duk Asabar da ƙarfe ɗaya na rana mai sassaƙa yana zuwa ya sassaƙa harafi guda, ya dasa shi kusa da na makon jiya. An fara a 2012, aka jera duwatsu 648 a tashi ɗaya don lissafin ya koma ranar 1 ga Janairu, 2000. Harafi 52 a shekara, kun ga jimla ɗaya sai ta ci shekaru. In mawaƙi ya gama nasa, wani ya ɗora, kuma an tsara hanyar da waƙar za ta bi na ɗaruruwan shekaru. Waɗanda suka fara sun san ba za su ga ƙarshenta ba, kamar mai dashen dabino.

Hasumiyar Dom, mai mita 112 da matakala 465, a ware take da cocinta. Guguwa ce ta rushe tsakiyar ginin a 1674, ba a sake haɗa su ba. A ƙarƙashin filin da ya rage ana shiga da tocila a ga tushen sansanin Rumawa na kusan shekara 2,000.

Shin ko kun san a Leiden bango ne littafi? Tun 1992 aka fara rubuta waƙoƙi a jikin gidaje, sun haura 100, kowace da harshenta da irin rubutunta, har da Larabci. Jami'ar garin ta 1575 ce, kuma tun 1613 take da kujerar farfesan Larabci. A nan kamfanin Brill ya buga, a 1995, kundin John Hunwick da ya jero rubuce-rubucen malaman ƙasarmu, su Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u. A zauren shiga gidan tarihin kayan dā na garin akwai ɗakin bauta sukutum na zamanin dā daga Masar, wanda aka kwance dutse-dutse aka kawo, tukuicin taimakon da Holan ta bayar wajen ceto gine-ginen da madatsar Aswan za ta nutsar. Daga Leiden ɗin ne kuma akasarin kayan tagullar Benin 119 da Holan ta mayar wa Nijeriya a 2025 suka fito.

Birnin Heg mun fi saninsa da shari'a, don a Fadar Zaman Lafiya ta 1913 kotun duniya ta yanke hukuncin Bakassi a 2002. Amma kusa da ita akwai Panorama Mesdag. Za ka bi wani siririn lungu mai duhu, ka hau matakala, ka fito a kan tudun yashi na gaske, teku da jiragen masunta da rufin gidaje sun kewaye ka ta ko'ina. Zane ne na 1881, tsayinsa mita 14, kewayensa mita 120, hasken rana na sauko masa daga rufin da aka ɓoye. In girgije ya gifta a waje, sai ka ga tekun zanen ya sauya launi.

Rotadam daban take da sauran, domin jiragen saman Jamus sun ƙone tsakiyarta ranar 14 ga Mayu, 1940, aka sake ta sabuwa. Shi ya sa magina suka samu filin gwaji. Akwai gidaje 38 masu siffar dunƙulen Maggi, kowanne an kafa shi a kan kusurwarsa bisa ginshiƙi, aikin Piet Blom na 1984, wanda ya ce kowane gida bishiya ne, dukkansu kuma kurmi. Mutane na zaune a ciki, ɗaya kuma an buɗe shi ga baƙi su ga yadda ake shimfiɗa gado inda babu bango ko ɗaya da ya miƙe.

Ko kun san akwai rugar shanu a kan ruwa? A tashar Merwehaven aka buɗe ta a 2019 da shanu 32. Bene ne mai shawagi: shanu a sama, wurin sarrafa madara da kindirmo a ƙasa, na'ura ce ke tatsa. Abincinsu ragowar birni ne, ciyawar da aka yanke a filayen wasa da ɓawon dankali da dusa, kuma akwai gada da za su sauka su yi kiwo a tudu. Tunanin masu ita shi ne, in ambaliya ta cinye gonaki, gari ya ci gaba da samun nono.

A gidan tarihin halittu na birnin akwai sashen dabbobin da mutuwarsu ta zama labari. Ga ɗan tsuntsun da ya shiga wani zaure a Leeuwarden a 2005, ana shirin kafa tarihin jera katakon domino, ya ture 23,000, aka harbe shi, jama'a suka fusata har aka ci tarar maharbin. Ga bushiyar da kanta ya maƙale a murfin kofin askirim. Ga wata dabba mai kama da tunku da lantarkin cibiyar binciken CERN ya kashe a 2016. Kowace an ajiye ta da bayanin yadda hanyarta ta gamu da ta ɗan Adam.

In yunwa ta kama ku, ku nemi kapsalon: soyayyen dankali, a zuba shawarma, a narka cuku a kai, a rufe da latas. Ma'anar sunan shagon aski, domin wani mai aski ɗan asalin Cape Verde ne ya riƙa sa a haɗa masa haka a 2003, har masu shagon suka riƙa kiran haɗin da sana'arsa. A bakin teku kuma, yamma da birnin, akwai Maeslantkering, ƙofofin ƙarfe biyu masu tsawon mita 210 kowace, da aka gama a 1997. Kwamfuta ce ke yanke shawarar rufe su idan ta hango ruwa zai haura mita 3 a Rotadam, da ma'aunin ƙusar tagullar nan ta Stopera. Sau ɗaya a shekara ana gwajin rufewa, iyalai su zo su zauna kan ganuwa suna kallo.

Ranar komawa, bayan an buga muku fasfo a Schiphol, ku nemi babban agogon da ke rataye a ɗaya daga zaurukan jira. Za ku ga kamar mutum a cikinsa, sanye da shuɗin kayan aiki, da jan bokiti da tsumma ruwan ɗorawa. Yana zana hannun agogo da buroshi, minti na cika ya goge, ya sake zana wani. Aikin Maarten Baas ne na 2016, hoton bidiyo ne da aka ɗauka na awa 12 cur, har da 'yar ƙofa da tsani a bayan agogon kamar ta nan ma'aikacin ya shiga. Lokacin da yake zanawa daidai ne, kuna iya duba tikitinku da shi.